Ƙafar Baba Sitaci

Ba kowa ne a layin ya san sunansa na gaskiya ba. Tun yana saurayi ake ce masa Sitaci, da furfura ta fito aka ƙara masa Baba a gaba. Mai guga ne. In mutum ya ce masa mai wanki da guga, yakan gyara masa zance cikin ladabi: wanki na matarsa ne, shi nasa dutse ne da gawayi.

Ya koyi aikin a ɗakin wanki na wani asibitin mishan, a zamanin da nas ba ta shiga ɗakin majiyyata sai da farar hula mai tsayuwa da kanta, malamin makaranta kuma ba ya tsayawa gaban allo sai da wandon kaki wanda karinsa zai iya yanka takarda. A can ya koyi dama sitaci, ba kauri ba ruwa-ruwa. Ya koyi yayyafa ruwa da yatsu, ya naɗe riga ya bar ta ta sha kafin dutse ya hau ta. Ya koyi gane zafin dutse ta hanyar kusantar da shi ga kunci. Asibitin ya daɗe da komawa wasu hannaye, ɗakin wankin ya zama ma'ajiyar karyayyun gadaje, masu sa kaki kuma sun ƙare ɗaya bayan ɗaya. Shi dai bai sake hali ba. Ko rigar ɗan dako aka kawo masa, sai ya fitar mata da kari.

Layinsu yana can ƙasan gari, inda ruwan kowa yake gangarowa. Ɗaki ɗaya suke haya shi da matarsa, rufin kwano, taga ɗaya. 'Ya'yansu sun girma sun yi nisa, kowa yana fama da nasa bakin. Wayar lantarki ta bi ta saman rufinsu ta wuce, ba ta taɓa sauka ba. A ƙofar gida ya kafa rumfa da dogon tebur, a nan yake tsayawa daga hantsi har rana ta yi ja. Manyan gidajen da ke ba shi kaya suna kan tudu, yakan hau da kekensa ya karɓo ƙunshi, ya mayar a ninke.

Guga aikin tsaye ne. Nauyin mutum ne yake sauka a kan dutse, ba ƙarfin hannu ba. Saboda haka ƙafafun Baba Sitaci su ne jarinsa, ko da yake bai taɓa zama ya yi wannan tunanin ba sai da aka zo raba shi da ɗaya.

Ciwon ya shigo a hankali, kamar baƙon da ba ya sallama. Ƙishirwa wadda ruwa ba ya kashewa, yawan zagayawa, wando ya fara yi masa yawa. Matarsa ce ta lura kiyashi suna taruwa inda ya yi fitsari. Ta yi magana, ya ce zafin gawayi ne. Ta sake yi, ya ce mata, "Tsohuwa, ranar asibiti rana ce da dutse yake wuni da sanyi. In dutse ya yi sanyi, tukunyarki ma haka." Sai da ido ya fara yi masa hazo har ya ƙona wuyan wata farar riga, abin da bai taɓa yi ba, sannan ya je. Aka ce ciwon suga ne, kuma ya daɗe a jiki. Ya sha ƙwayoyi na wani lokaci, ran da akwai a sha, ran da babu a yi haƙuri. Daga baya ƙwayoyin suka gaza.

Likitan ba mugu ba ne. Matashi ne, idonsa ja don gajiya, layin da ke jiransa ya fita har ƙarƙashin bishiyar waje. Yana rubutu yana magana.

"Baba, allura za ka koma, safe da yamma. Za a nuna maka yadda za ka yi wa kanka. Ka rage burodi da shinkafa, ka yawaita ganye da kifi da ƙwai. Ka nemi rufaffen takalmi mai laushi. Kar ka riƙa daɗewa a tsaye. Kwalbar kuma ka sa ta a firij, zafi yana kashe ta. Ka gane?"

"Na gane, likita."

Ya gane ɗin kuwa. Kowace shawara mai kyau ce, sai dai an ɗinka ta ne don jikin wani. Da can akwai ma'aikatan lafiya masu zagayawa gida gida a kan keke, da jakar fata, su leƙa ɗaki su ga abin da ke ciki kafin su buɗe baki. Yanzu babu mai lokacin tambayar tsoho ko yana da firij. Shi kuma tarbiyyar da ya samu ita ce ba a mayar wa likita magana. Ya karɓi kwalbarsa, 'yar ƙarama kamar babban yatsa, da ruwa fari-fari a ciki, ya naɗe ta a hankici ya fito.

Hankalinsa ya fara zuwa kan tudu. Gidan da ya fi daɗewa yana yi wa guga akwai firij wanda ya fi shi tsawo. Amma wa zai hau tudu safe da yamma don allura? Kuma in suka san ba shi da lafiya, wa ya san abin da zai biyo baya? Sai ya nufi bakin layi, shagon Mai-Ƙanƙara.

Mai-Ƙanƙara ƙato ne mai yawan dariya, ya girmi 'ya'yan Baba Sitaci amma bai kai shi ba. Yana da wata tsohuwar firiza mai murfi a sama, da ƙaramin janareta mai tari kamar mai asma. Yana daskarar da ruwa yana sayar wa masu kifi da masu lemo. Tsakaninsa da tsohon akwai tsokana ta shekaru.

"A'a! Sarkin wuta da kansa a fadar sanyi? Ko ka zo rage zafin lahira tun daga nan?"

"Kai dai ji da kanka. Mutumin da yake sayar wa jama'a ruwan Allah don kawai ya yi tauri."

"Kai kuma kana karɓar kuɗi don ka shafa wa riga baya. Me ke tafe da kai?"

Baba Sitaci ya buɗe hankicin, ya faɗi abin da likita ya ce. Dariyar ta ɗauke daga fuskar Mai-Ƙanƙara. Ya karɓi kwalbar da hannu biyu. Ya ɗaga murfin firiza, ya shiga fitar da ƙanƙara yana jerawa a ƙasa, har ya kai can kusurwar ƙasa inda bango ya yi fari fat.

"Ka ga nan? Nan ne kujerar gaba. Ko kifin babban ɗan kasuwa ba na sa shi a nan. In an ɗauke wuta, nan ne ƙarshen narkewa. Likita ya ce sanyi ko? To zai ga sanyi. Abin da ya daskare ba ya lalacewa, wannan kuma sana'ata ce."

"Me zan riƙa ba ka?"

"Ka sake wannan maganar in mayar maka da kwalbarka."

Haka suka ɗora. Kullum da safe tsohon zai zo, Mai-Ƙanƙara ya zaro kwalbar ta yi tauri kamar tsakuwa, ya sa ta a hammatarsa, su yi ta musu a kan wanda sana'arsa ta fi wahala har ta narke. Sannan Baba Sitaci ya zagaya bayan shago, ya ɗage riga, ya soka allurar a fatar ciki kamar yadda aka nuna masa. Da yamma a maimaita. Bai taɓa tsallakewa ba, domin mutum ne mai bin ƙa'ida. Babu ɗayansu da ya san cewa wannan ruwan ba kifi ba ne, kuma sanyi ma yana da iyaka. Kuskuren ya shigo ne sanye da rigar alheri, shi ya sa babu wanda ya tare shi a ƙofa.

Ƙishirwar ba ta ragu ba. Ƙafafun suka fara yi masa wani iri, kamar yana taka auduga. Ya ce tsufa ne.

Wata rana da azahar matarsa tana shanya a bayan rumfa, ta ɗaga kai tana shinshina.

"Maigida, me ke ƙonewa? Ka bar dutse kan kayan mutane?"

Ya ɗaga dutsen da sauri ya duba rigar, lafiya lau. Ya duba zanen tebur, lafiya lau. Ita ce ta kalli ƙasa, ta saki bokitin da ke hannunta. Lokacin da ya karkaɗe toka, wani garwashi ya faɗo ya shige tsakanin silifas da tafin ƙafarsa, daidai gindin babban yatsa. Ya cinye robar, ya shiga nama. Shi kuwa yana tsaye a kai yana guga, bai ji komai ba.

Wannan rashin jin shi ya fi ba ta tsoro, ba ƙunar ba. Ta wanke da ruwan gishiri, ta ɗaure da tsumma mai tsabta. Washegari ya koma bakin tebur, don akwai kayan mutane. Ya gwada ɗora gwiwa a kan kujera, kari ya fita a karkace, ya ture kujerar. Ƙunar da ya kamata ta bushe ta buɗe baki ta zama gyambo.

Ranar ganin likita aka soki yatsan hannunsa, aka ɗiga jini a 'yar na'ura. Likita ya kalli lambar, ya kalli ƙafar, ya ajiye biro.

"Baba, ka gaya mini gaskiya. Kana yin allurar nan?"

"Safe da yamma, likita."

"Kana sa ta a sanyi?"

"Sanyi kuwa! Wanda ya fi kowanne."

"To shayi kake sha da sukari a ɓoye. Ku tsofaffin nan haka kuke, ku zo nan ku ce to, ku koma gida ku yi abin da kuka ga dama. Ba ni kake cuta ba. In sugan nan bai sauka ba, gyambon nan ba zai rufe ba. In bai rufe ba, ƙafar ce za ta tafi. Na ƙara maka yawan allurar. Kuma ka zauna, ka daina takawa."

A duk rayuwarsa ba a taɓa ce masa maƙaryaci ba. Mutum ne da in ya tsinci wani abu a aljihun wando yakan hau tudu a ranar ya mayar. Ya fito yana jin kunya kamar ya yi laifin da gaske. Daga ranar ya daina shan shayi kwata-kwata, ya daina burodi. Kifi da ƙwai ba su samuwa sai jefi-jefi, don haka abin da ya rage shi ne yunwa. Yakan tsaya bakin tebur jiri yana ɗibarsa, ya dafa ya jira ya wuce. Matarsa ta shiga neman kowane ganye mai ɗaci da aka ce yana sauke suga, ta tafasa ta ba shi, ya sha bai yamutsa fuska ba. Aka ƙara allura, aka sake ƙarawa. Gyambon yana ci.

Sai wari ya fara. Yakan naɗe ƙafar da tsumma, ya sa leda a kai, ya sa safa, kafin ya hau tudu. Ran nan a ƙofar baya ta babban gidan, kuku ya karɓi kayan da ya kawo, bai miƙo masa wasu ba. Ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Baba, uwargida ta ce a ɗan dakata tukuna. Ta ce sai ka ji sauƙi."

"Wani abu ya samu kayan ne?"

"A'a, guga kam babu irin taka. Kawai dai akwai yara a gidan. Ka gane ai."

Ya ce ya gane. Ya tura kekensa ya sauko a ƙasa, don ƙafar ba ta iya taka feda kuma. Labari a kan tudu ba ya kwana, gidan da ke kusa ma ya dakata.

Da yatsan ya fara baƙi, likita ya ce a kwantar da shi, amma babu gado, ya dawo wani mako. Ya dawo, babu gado. A hanyar gida ya tsaya shagon Mai-Ƙanƙara ya zauna a kan benci.

"Sarkin wuta, yau babu tsiya ne?"

"Ina tunani ne. Ni dai ban saɓa ko ɗaya ba. Anya ba ɗauke wutar nan da ake yi ne yake kashe maganin ba? Likita ya ce zafi yana kashe shi."

Mai-Ƙanƙara ya buga ƙirji. "In dai wannan ne, ka bar mini. Daga yau ko minti ɗaya ba za ta narke ba sai a hammatata."

Ya cika alkawari. Duk lokacin da aka ɗauke wuta sai ya tayar da janareta, ko babu ciniki, ko man ya fi ƙarfin ribar ranar. Matarsa ta yi masa faɗa, ya ce ƙafar mutum ake magana.

Zazzaɓi ya kayar da Baba Sitaci wata safiya a bakin tebur. Maƙwabta suka ɗauke shi zuwa bakin layi suka kai shi asibiti a motar haya, ƙafar ta kumbura har ƙwauri, baƙin ya wuce yatsu. Wanda ya zo a kwance ba a ce masa babu gado, aka samo ɗaya a ƙarshen ɗaki kusa da ƙofar banɗaki.

Mai kula da ɗakin wata dattijuwar nas ce, kowa yana ce mata Sista. Ta duba katinsa ta ga yawan allurar da yake yi a gida, ta ɗebo daidai wannan daga kwalbar asibiti ta yi masa. Kafin azahar gumi ya jiƙe shi sharkaf, jikinsa ya ɗauki rawa, idonsa ya juye. Matarsa ta yi kururuwa. Aka zo a guje aka ɗura masa ruwan suga ta jijiya, da ƙyar ya dawo.

Sista ta tsaya a kansa tana jujjuya katin.

"Mama, maganin nan iri ɗaya ne da nasa na gida. A gida bai taɓa yi masa haka ba?"

"Ko sau ɗaya."

"Je ki kawo mini kwalbar da yake amfani da ita."

Ta je ta dawo da la'asar, ɗauke da 'yar kula wadda Mai-Ƙanƙara ya cika da ƙanƙara ya ɗaure da igiya, ya kuma gargaɗe ta kada ta tsaya gaisuwa a hanya. Ta miƙa da ɗan alfahari, don ko ba komai a ga cewa su ma sun yi nasu ƙoƙarin. Sista ta kwance igiyar, ta tona, ta zaro kwalbar. Ta ƙwanƙwasa ta da farce.

"A ina ake ajiye ta?"

"A firizar maƙwabcinmu. Can ƙasa, inda ya fi sanyi."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar farko."

Sista ta zauna a bakin gadon, abin da ba ta saba yi ba. Ta riƙe kwalbar a tafin hannu har ta narke, ta ɗaga ta wajen taga ta nuna musu wasu 'yan gudaji da suka manne a jikin gilashin.

"Baba, maganin nan sanyi yake so, amma in ya daskare ya lalace. Ko ya narke ba ya komawa daidai. Duk watannin nan kusan ruwa kake soka wa kanka."

Baba Sitaci ya kalli kwalbar. Muryarsa ta fito a hankali.

"Ba a gaya mini ba, Sista."

"Na sani. An ce maka firij, ba a tambaye ka ko kana da shi ba. Da ka samu tukunyar ƙasa ka zuba jiƙaƙƙen yashi, ka sa ta a ciki a inuwa, da ta fi wannan."

Matarsa ta ɗora hannu biyu a ka. Tukunyar ƙasa! Abin da ko almuru aka aike ta za ta samo.

"To yanzu tunda an gano," in ji shi, ya yunƙura zai tashi, "ai sai a yi mini mai kyan. Kin ga yadda ya yi aiki yau. Sugan zai sauka, gyambon ya rufe. Ko ba haka ba?"

Sista ta gyara masa bargo ta ce babban likita zai zo da safe.

Babban likitan ya zo da ɗalibai a bayansa. Ya buɗe ƙafar, ya danna nan ya danna can, ya ja layi da yatsa a ƙasan gwiwa. Ya ce naman da ya mutu ba ya dawowa, kuma dafin ya fara shiga jini. In an bar ta, ba ƙafa kaɗai za a rasa ba.

Baba Sitaci, wanda bai taɓa mayar wa likita magana ba, ya kama hannun rigar wannan.

"Likita, ka yi wa Allah. A tsaye nake cin abinci. Ka cire yatsun duka, ba na guga da yatsu. Ka bar mini diddige, ko diddige kaɗai, in samu abin dafa ƙasa. An gano kuskuren jiya jiyan nan. Ka ba maganin mako ɗaya ya gwada."

"Baba, da wata biyu baya ne, da mun yi wannan maganar. Yanzu mako ɗayan ba ka da shi."

Baba Sitaci ya dubi matarsa. Ta kawar da kai tana goge ido da gefen zane, ta ce, "Maigida, gara in gan ka a zaune."

Aka yanke washegari.

Bayan kwanaki Mai-Ƙanƙara ya zo dubiya da gorar ruwan sanyi. Tsohon ya riga ya hana matarsa faɗa masa komai. Ya ce mutumin nan ya ƙona mansa, ya yi faɗa da iyalinsa, ba za a saka masa da wannan ba. Ƙaton ya tsaya a bakin gado, idonsa ya sauka inda bargo ya kwanta a shimfiɗe, ya ɗauke da sauri.

"Sarkin wuta, an ce ka rage nauyi."

"An rage mini. Kai ma in ka zo za a taimaka maka da wannan tumbin."

Suka yi 'yar dariya wadda ba ta kai ciki ba. Mai-Ƙanƙara ya zauna, ya shiga surutu don kada shiru ya samu wuri.

"Ɗayar kwalbarka tana nan a kujerarta, babu wanda ya taɓa. Ta ma yi maƙwabta. Ka san bakaniken nan na bayan layi? An sa wa 'yarsa irin allurarka, yarinya ƙarama, abin tausayi. Ya ji labarin ina ajiye maka, ya kawo tata satin da ya wuce. Na ce a kawo, wuri ba ya ƙarewa. Na sa ta gefen taka."

Matar Baba Sitaci ta ɗago kai ta kalli mijinta. Shi kuma ya rufe ido na ɗan lokaci. Da ya buɗe, ya miƙa hannu ya kama wuyan hannun abokinsa.

"Ƙanena, matso. Zan gaya maka magana, kuma ka ji ta har ƙarshe kafin ka tashi."

Ya faɗa masa yadda Sista ta faɗa, bai ƙara ba bai rage ba. Ya ce laifin ba na mai firiza ba ne, shi ne ya kawo, shi ne aka yi wa bayani bai tambaya ba. Mai-Ƙanƙara bai ji wannan ɓangaren ba. Bakinsa a buɗe, yana kallon wurin da ƙafar take a da.

"Yaya... ni ne?"

"Ba kai ba ne. Tashi ka je wurin bakanike yanzu. Ka ce ya zubar da waccan, ya kawo yarinyar a duba ta, ya nemi Sista ta nuna masa yadda ake ajiyewa. Tashi mana! Kuka ba yanzu ba."

Ƙaton ya miƙe yana tangaɗi kamar wanda aka buga wa sanda a ka, ya fita da gudu, gorar ruwan ta faɗi ta gangara ƙarƙashin gado.

An sallami Baba Sitaci da sanduna biyu da sabuwar kwalba. Mota ba ta shiga layinsu, kuma ruwan sama ya tafi da katakon da ake tsallake kwata a kai. Mai-Ƙanƙara ne ya goya shi a baya ya tsallakar da shi, ya sauke shi a ƙofar ɗaki, ya juya bai yarda sun haɗa ido ba. Yarinyar bakanike an kai ta a kan lokaci. Tun daga ranar babu wanda ya sake jin tsokana tsakanin rumfar guga da shagon ƙanƙara.

Da dungun ya warke, wata safiya ya ce wa matarsa ta hura masa gawayi. Ta ce babu kayan kowa a gidan. Ya ce ta kawo tsohuwar rigarsa. Ya dogara sanduna ya isa bakin tebur, ya jingina ɗaya, ya ɗauki dutse. Da ya saki ɗayar don ya ja hannun rigar ya daidaita, sai ƙasa ta juya. Ya kama gefen tebur, dutsen ya kife, garwashi ya watse. Matarsa ta zo a guje tana take su da silifas, tana duba ƙafar da ta rage, tsakanin yatsu, ƙarƙashin diddige, tana kuka tana faɗa.

"Ita ma so kake ka ba su? Ita ma?"

Ya bar ta ta zaunar da shi a kan kujera. Daga nan teburin ya kai masa har ƙirji. Ya daɗe yana kallonsa, numfashinsa yana fita da ƙyar. A zaune nauyin mutum ba ya sauka a kan dutse, wannan ya fi kowa sani. Karin da zai fita ba zai zama irin na da ba, kuma babu tabbacin akwai wanda zai sauko daga tudu ya kawo kaya.

"Tsohuwa," in ji shi, "in kin gama, je ki kira mini kafinta. Ki ce ya zo da zarto. Teburin nan shi ma a rage masa ƙafa."